Yaro Ɗaya, Rago Ɗaya: Kiwon Tumaki a Ƙungiyoyin Matasa Manoma na Amurka

Gabatarwa

Lokacin da nake aji huɗu a sakandare ina cikin Ƙungiyar Matasa Manoma ta makarantarmu. Mun kai mu talatin. Muka yi karo-karo, malamin aikin gona ya cika mana kuɗin, aka sayo wani farin ɗan rago aka ɗaure a bayan ɗakin gwaje-gwaje. A makon farko har rububin ba shi ciyawa muke yi. Da hutun ƙarshen zango ya zo, kowa ya kama hanyar gida yana zaton wani zai riƙa duba shi. Da muka dawo, turke da igiya kawai muka tarar. Maigadi ya ce tausayi ya sa ya kwance shi don ya nemi abinci da kansa, shi kuwa ya je juji ya ci leda, cikinsa ya kumbura, bayan kwana biyu ya mutu. Ba a tuhumi kowa ba, domin babu wanda za a nuna a ce ragon nasa ne.

Wannan abu ya dawo mini a zangon da ya wuce, sa'ad da malaminmu ya ba mu jinga cewa kowa ya zaɓi wata al'ada ta wata ƙasa ya bayyana ta da Hausa zalla. Na zaɓi yadda yara a Amurka suke kiwon tumaki suna kai su gasa a ƙarƙashin ƙungiyoyin matasa manoma. Ni ba Bahaushe ba ne, da Yarbanci na tashi, saboda haka aikin ya zame mini biyu: fahimtar al'adar, da neman kalmomin da za su ɗauke ta. Abin da na samo shi ne nake son in raba da 'yan'uwana ɗalibai.

Kalmomi kafin a shiga bayani

Macen ita ce tunkiya, namijin rago. Jam'in tunkiya shi ne tumaki, kuma da shi ake kiran garken duka, maza da mata. Wannan jam'i haddace shi ake yi, don ɗalibin da ya tsaya neman ƙa'ida zai ɓata lokacinsa. Jam'in rago kuwa raguna. A nan akwai tarko. A rubutun yau da kullum ba a bambanta rago dabba da rago malalaci, amma a furuci na dabba yana da dogon wasali a gaɓar farko, na malalaci gajere, kuma jam'insa ragwaye. Na taɓa shiga kara, wato kasuwar dabbobi, na tambayi wasu dillalai da ke zaune a inuwa, "Nawa ne ragwayen nan?" Har yau in na wuce sai sun yi mini dariya.

Sauran kalmomin da za mu buƙata su ne: turke, wato iccen da ake ɗaure dabba, kiwon turke, wato a ajiye dabba wuri ɗaya ana ciyar da ita don ta yi ƙiba, yaye, dusa, harawa, kofato, dandaƙa, da gwanjo. Za a ga kusan duk abin da yaron Amurka ke yi da ragonsa Hausa tana da sunansa tun da daɗewa.

Asalin ƙungiyoyin

Babbar ƙungiyar ita ce 4-H. Ana danganta farkonta da shekarar 1902, lokacin da wani jami'in ilimi mai suna A. B. Graham ya tara yara a gundumar Clark ta jihar Ohayo yana koya musu gwajin ƙasa da noman masara. A wancan zamani masana aikin gona sun lura cewa manyan manoma ba sa saurin karɓar sabuwar dabara, amma idan ɗan manomi ya gwada a 'yar gonarsa ta yi kyau, uban yakan sauko. A 1914 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta kafa aikin malaman gona a ƙarƙashin jami'o'in jihohi da ma'aikatar gona, ƙungiyoyin yaran suka shiga ƙarƙashin wannan tsari. Sunan ya fito ne daga kalmomi huɗu na Ingilishi da duk suka fara da harafin H, ma'anarsu kai, zuciya, hannuwa da lafiya. Da Hausa aka raɗa sunan, da H ɗaya tak za a samu.

Ta biyu ita ce FFA, wadda aka kafa a birnin Kansas a 1928 domin ɗaliban sakandare masu karatun aikin gona. Sai a 1969 ta fara karɓar 'yan mata. Ingila ma tana da nata ƙungiyoyin matasa manoma, waɗanda suka fara a 1921 da kiwon maruƙa.

Daga ranar saye zuwa ranar gasa

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan: ƙungiya ba ta da rago. Yaro ne ke da shi. Yaro ko yarinya daga wajen shekara 8 zuwa 18 zai sayi ɗan rago da aka yaye, yawanci a watan Afrilu ko Mayu, da kuɗinsa ko da rancen iyaye. Akwai ranar da ake kai dukan ragunan wurin jami'an gasa a auna nauyinsu, a maƙala wa kowanne lamba a kunne, a rubuta sunan mai shi. Daga ranar nan ba musanye. In ya rame, kowa ya san na wane ne ya rame.

Irin tumakin da aka fi kaiwa gasar nama su ne Suffolk da Hampshire da ruwa-biyunsu, masu baƙar fuska da baƙaƙen ƙafafu. Asalinsu daga Ingila ne, kuma ulu ne a jikinsu. Namu na Nijeriya gashi gare su: Balami fari ƙal mai girma, Uda mai dogayen kunnuwa wanda rabin jikinsa na gaba baƙi ne ko ja na baya kuma fari, sai 'Yankasa mai ɗigon baƙi a ido da baki, da kuma gajerun nan da muke da su a kudu. Ɗalibin harshe ya lura cewa sunan 'Yankasa da ke cikin littattafan kimiyya ba komai ba ne illa 'yan ƙasa, ƙugiyar ce kawai ta faɗi a hanya.

Kiwon turke sosai yaron yake yi. Safe da yamma zai auna abinci a ma'auni, haɗin hatsi mai yawan furotin da 'yar busasshiyar ciyawa, ya sauya ruwa, ya share wurin kwana. Ana son ragon ya riƙa ƙara kimanin kwatan kilo ko fiye a kullum, ta yadda a watan Yuli ko Agusta zai kai kilo 50 zuwa 65. Darasin farko da ake koya wa sabon shiga shi ne kada ya kuskura ya ba tunkiya abincin da aka haɗa domin shanu. Ana zuba wa na shanu sinadarin tagulla da yawa, ita kuwa tunkiya hantarta tara shi take yi har wata rana ya kashe ta. Hausawa sun riga sun faɗa, abincin wani gubar wani.

Ban da ciyarwa, sai ya riƙa fita da shi yawo don tsoka ta yi ƙarfi, ya yanke masa kofato, ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya kuma saba masa da hannu. Duk abin da ya kashe da duk nauyin da ragon ya ƙara sai ya shiga wani littafi da ake dubawa a ƙarshen shekara. Na kira shi kundin kiwo. A ganina wannan kundi ya fi kyautar da ake ci daraja, domin yaro ɗan shekara 10 da ya iya faɗin nawa kilo ɗaya na ragonsa ya ci masa ya san abin da mu talatin ba mu sani ba.

A cikin fili

Gasar tana gudana ne a bikin nunin amfanin gona na gunduma, wanda ake yi shekara-shekara. Kafin a shiga, ana wanke ragon da sabulu a aske ulun har kusa da fata, a bar na ƙafafu kawai. Kalmar da ta dace da wannan aski ita ce sausaya, ko da yake ba kasafai za ka ji ta a kara ba tunda tumakinmu ba sa buƙatarta.

Wanda ya saba sayen ragon layya zai sha mamaki in ya leƙa filin. Ragunan ba ƙaho, yawancinsu dandaƙaƙƙu ne ko 'yan tumaki mata, ba su kai shekara ba, kuma ba wutsiya. Tun suna jarirai ake guntule ta, saboda kashi yana maƙalewa a ulu ƙudaje su yi ƙwai a wurin. Sai dai son a ga cinya ta fito ya sa wasu suna yanke ta ƙurmus, abin da likitocin dabbobi suka daɗe suna gargaɗi a kai domin yana iya sa dubura ta zazzago. A nan ban ga abin koyi ba.

Manyan yara ba sa shiga da igiya. Hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓar ragon, da shi ake jan sa da shi ake tsayar da shi. Dole ragon ya kasance tsakanin yaro da alƙalin gasa a kowane lokaci, ƙafafunsa huɗu a daidaice, idon yaro kuma yana kan alƙali. Idan alƙali ya matso, yaron zai tokare ƙirjin ragon da cinyarsa, ragon ya turo, tsokar bayansa ta ɗaure. Alƙali zai shafa gadon baya, ya latsa haƙarƙari ya ji kaurin kitse, ya kama cinya. Na ga mahauta suna yin irin wannan shafa a kara kafin su taya. Bambancin shi ne alƙalin gasa, bayan ya jera ragunan daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, sai ya ɗauki lasifika ya gaya wa jama'a dalilinsa. Wanda ya zo na bakwai zai koma gida ya san abin da ya kai shi na bakwai.

Akwai kuma wani rukuni da ba ragon ake dubawa ba, mai ragon ake dubawa: yadda ya riƙe shi, natsuwarsa, da amsar da zai bayar in an tambaye shi me yake ba shi ko wata nawa tunkiya take ɗaukar ciki. Amsar ita ce wata biyar. Wannan rukuni ne ke ba ɗan talaka dama, domin ba a ɓoye yake ba cewa masu hali sukan sayi ɗan rago mai tsadar gaske tun farko. Kwaɗayin kyauta ma ya taɓa kai wasu manya ga ɗura wa dabbobin yara haramtattun magungunan ƙara tsoka, musamman a shekarun 1990, abin da ya sa manyan gasanni suke gwajin fitsarin dabbobin da suka yi nasara.

Gwanjo

Ranar ƙarshe ake yin gwanjo. 'Yan kasuwar garin, bankuna da dangi sukan taya sama da farashin kasuwa don su ƙarfafa wa yaran gwiwa, da yawansu kuma kuɗin karatu suke tarawa da shi. Daga nan a gasanni da dama mota ce ke jira, sai mahauta. Yaron ya san haka tun ranar da ya sa hannu a takarda, amma sanin bai hana hawaye, don an ce sabo ake yi wa kuka. Duk wanda ya yi wata uku yana ba ragon Sallah dusa da hannunsa, Ileya muke cewa a gida, ya san safiyar nan.

Wani lokaci abin yakan wuce hawaye. A 2022, a gundumar Shasta ta jihar Kalifoniya, wata yarinya 'yar shekara 9 ta ƙi rabuwa da ɗan akuyar da ta kiwata bayan an yi gwanjonsa. Mahaifiyarta ta ɗauke shi ta kai wata gona mai nisa, 'yan sanda suka bi sawu da takardar kotu suka ƙwato shi, aka yanka. Iyalin suka kai ƙara, a 2024 gundumar ta amince ta biya dala 300,000. Ni dai ina ganin yarjejeniya yarjejeniya ce, amma tura 'yan sanda tafiyar ɗaruruwan kilomita saboda akuyar yarinya ya wuce gona da iri.

Jinga

Ga 'yan aji ɗaya da na biyu: a je kara mafi kusa, a gaida dillalai da kyau tukuna, sannan a roƙi ɗaya daga cikinsu ya nuna yadda ake gane shekarun rago ta haƙora. Ɗan rago yana da ƙananan haƙoran nono takwas a gaban muƙamuƙin ƙasa, sama kuwa dasashi ne kawai, kuma yakan fitar da manya biyu na farko idan ya kai kimanin shekara ɗaya. A rubuto kalmomin da dillalin ya yi amfani da su daidai yadda ya furta su, tare da garin da ya fito. Bayan haka a tsara shafi ɗaya na kundin kiwo da Hausa, mai gurbin kwanan wata, nauyi, abin da aka ciyar, kuɗin da aka kashe, da sunan mai ragon a can sama.