Kare Ƙarfen Maganiziyam Daga Tsatsa

Maganiziyam ƙarfe ne marar nauyi. Nauyinsa kashi biyu cikin uku ne na alminiyam, kuma bai kai rubu'in na baƙin ƙarfe ba. Don haka ake gauraya shi da alminiyam da zinki, a ƙera sassan motoci da jiragen sama da kwamfuta.

Amma yana da rauni guda. Fatar da iskar oksijin ke yi masa sakwa-sakwa ce, ba ta hana ruwa shiga. Ruwan gishiri kuwa, irin na iskar teku a Legas da Fatakwal, yana cinye shi da sauri.

Maganin wannan shi ne a tsoma ƙarfen cikin ruwan sinadari, a sakar masa wutar lantarki mai ƙarfi har tartsatsi ya tashi. Ta haka fata mai kauri da tauri kamar tangaran ke samuwa. Daga nan sai a toshe ƙananan ramukanta da fenti.

Makanikai su lura: kada a kankare wannan fata. Kada kuma a bar maganiziyam ya taɓa baƙin ƙarfe cikin danshi, domin maganiziyam ɗin ne zai fara lalacewa. Rigakafi ya fi magani.