Ƙirƙira da Naci: Darasi Daga Tukunyar Ƙasa

Idan aka ce wane ya ƙirƙiro wani sabon abu, da yawanmu mukan ɗauka sai mai digiri, ko Bature, ko wanda ya tashi a babban birni. Manomi yakan ce, "Ni me na sani in ban da fartanya?" Matar aure takan ce, "Ni da ban yi boko ba?" Irin wannan tunani yana kashe zuciya, kuma ba shi da tushe. Allah ya hore wa kowane ɗan Adam hankali da ido da hannu. A wannan darasi za mu koyi abu biyu: mece ce ƙirƙira, kuma yaya mutum zai riƙe himmarsa har abin da ya fara ya kai ga amfanar jama'a.

MECE CE ƘIRƘIRA?

Ƙirƙira ita ce mutum ya samo sabuwar hanyar biyan wata buƙata, ko ya gyara tsohuwar hanya ta fi kyau, ta fi sauƙi, ko ta fi araha.

Ku leƙa kasuwar garinku za ku gan ta. Ga mai yanka tsohuwar tayar mota yana fitar da takalmi da guga. Ga maƙeri yana fasa tsohon duro yana yin murhun gawayi. Ga tela yana haɗa ƙyallayen da aka zubar yana ɗinka jaka. Kowane ɗayansu akwai ranar da wani ya fara tunaninsa.

Abu uku ne ke haɗuwa kafin a ƙirƙiro abu. Na farko buƙata, wato wata matsala da ta dami mutane. Na biyu sani, wato abin da mutum ya riga ya koya a gida, ko a gona, ko a wajen sana'a, ko a makaranta. Na uku gwaji, wato mutum ya tashi ya sa hannu ya ga ko tunaninsa zai yi aiki. Bari mu ga yadda waɗannan uku suka haɗu a hannun wani malami a Jihar Jigawa.

MALAMIN DA YA SA TUKUNYA CIKIN TUKUNYA

Sunansa Mohammed Bah Abba. An haife shi a shekarar 1964 a gidan magina tukwane, saboda haka tun yana yaro ya san yumɓu. Da ya girma ya yi karatu, ya zama malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse.

Aikinsa yana kai shi ƙauyuka, kuma abin da yake gani a can ya dame shi. Babu wutar lantarki, balle firji. Manomi zai sha wahalar noman rani, ya ɗebo tumatir da tattasai da yalo da alayyafo, amma zafi ba zai bar su su kwana biyu ba. Dole ya sayar a ranar ko nawa aka taya, in ba haka ba ya yi asara. Wannan ne ma ya sa ake ɗora wa 'yan mata talla kullum, suna yawo da kayan miya a ka maimakon su tafi makaranta.

Malam Bah Abba ya tuna da abin da kowa ya sani: ruwan randa ya fi ruwan bokiti sanyi. Ya kuma san dalilin haka daga karatunsa. Sai ya tambayi kansa, idan randa tana sanyaya ruwa, me zai hana ta sanyaya kayan miya?

Ya ɗauki ƙaramar tukunya ya sa a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya zuba kayan lambu a ƙaramar, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Daga 1995 zuwa 1997 yana ta gwaji yana gyarawa. Sakamakon ya ba mutane mamaki. Yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Alayyafon da ke yaushi a yini ɗaya ya kai kwana 12. Tumatir da tattasai suka kai mako uku.

DAGA INA SANYIN YAKE ZUWA?

Idan mutum ya yi gumi, iska ta buso, yakan ji sanyi a jikinsa. Dalili shi ne, ruwa ba ya bushewa sai ya ɗebi zafi daga abin da yake kai. Tukunyar ƙasa tana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwan da ke cikin yashi yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya, iska ta busar da shi, shi kuma ya tafi da zafin da ke ciki. Ta haka ƙaramar tukunya take yin sanyi.

Wannan sani ya daɗe a duniya, kakanninmu ma da shi suka sha ruwan sanyi. Sabon abin da malamin ya yi shi ne ɗauko tsohon sani ya haɗa shi da sabuwar buƙata. Yawancin ƙirƙira haka take.

YADDA ZA KU HAƊA TAKU

1. Ku samo tukwanen ƙasa guda biyu, babba da ƙarama. Idan an sa ƙaramar a ciki, a sami tazarar kamar yatsu uku a tsakaninsu ta kowane gefe. Babbar kada ta zama mai fenti ko mai rufin siminti, domin ruwa ba zai tsattsafo ba.
2. Ku zuba yashi mai tsabta a gindin babbar, ku ɗora ƙaramar a kai har bakunansu su zo daidai.
3. Ku cika tazarar da yashi, sannan ku zuba ruwa a hankali har yashin ya jiƙe sosai.
4. Ku zuba kayan lambu masu kyau a ƙaramar. Ku ware duk wanda ya fashe ko ya fara ruɓa, domin zai ɓata sauran.
5. Ku rufe da tsumma mai tsabta wanda aka jiƙa.
6. Ku ajiye a inuwa, inda iska take wucewa. Kada a sa a rana, kada a kulle a ɗaki.
7. Ku riƙa ƙara ruwa a yashin sau biyu a rana, safe da yamma.

Ku lura da abu uku. Wannan dabara ta fi aiki da rani da lokacin hunturu, sa'ad da iska take a bushe. Da damina sanyinta yana raguwa. Albasa da tafarnuwa ba sa son laima, kada a sa su. Kuma sanyinta bai kai na firji ba, don haka kada a dogara da ita wajen ajiye ɗanyen nama ko kifi.

ME YA HANA SHI GAJIYA?

Samun dabara abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da riƙe ta. Mutane nawa ne suka taɓa yin tunani mai kyau, suka kwana suka tashi, tunanin ya bi ruwa? Malam Bah Abba bai tsaya a gwaji ba. Ya sa magina suka yi masa tukwane 5,000 da kuɗin aljihunsa, ya raba kyauta a ƙauyukan Jigawa. A 1999 ya ƙara raba wasu 7,000.

Sai kuma wata matsala ta taso. Yaya zai fahimtar da mutanen da yawancinsu ba sa karatu? Takarda ba za ta yi ba. Sai ya shirya wasan kwaikwayo, aka ɗauka a faifan bidiyo, ana zuwa ƙauye da janareta da majigi, a kafa farin ƙyalle da dare, jama'a su taru su kalla. Kun ga ke nan ƙirƙira ɗaya ta haifi wata.

A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo tare da dalar Amurka 75,000, ya kuma yi amfani da kuɗin wajen yaɗa tukwanen zuwa wasu jihohin Arewa. Dabarar ta ƙetare iyaka har Sudan, inda ake kiranta zir. Allah ya yi masa rasuwa a 2010, amma aikinsa yana nan.

Ku duba da kyau. Shekarun da ya yi yana gwaji da kashe kuɗinsa, babu wanda ya yi masa alkawarin kyauta. Abin da ya riƙe shi shi ne ya san domin wa yake yi: domin manomin da ke asara, da yarinyar da talla ta hana karatu. Wanda yake aiki don a yabe shi, ranar da yabo ya yanke zai ajiye. Wanda ya san amfanin aikinsa ga jama'a ba ya saurin karaya.

LADI KWALI BA TA JI KUNYAR KOYO BA

Ku ɗauko takardar naira 20 ku juya bayanta. Matar da kuke gani tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali. An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali, a ƙasar Gwari. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane da hannu a wajen wata 'yar'uwar iyayenta. Takan ƙawata randunanta da zanen ƙadangare da kunama da kada da kifi da tsuntsaye. Kyan aikinta ya sa Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a gidansa.

A can ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga aikinta. Shi ne ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta wancan lokaci, wadda yanzu ake kira Suleja. A 1954 Ladi ta shiga cibiyar, kuma ita ce mace ta farko da ta shiga.

A lokacin ta kusa shekara talatin, ta riga ta ƙware, sunanta ya fita. Da wata ce sai ta ce, "Me kuma zan koya?" Amma ta zauna ta koyi gini a kan na'ura mai juyawa, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai tsananin zafi. Ba ta kuma yar da abin da ta gada ba. Ta ci gaba da gina manyan randunanta da hannu, da zanen garinsu, tana gasa su ta sabuwar hanya. Aka baje kolin aikinta a Landan, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984.

Ku da kuka zo ajin yaƙi da jahilci da girmanku, hanyarta kuka biyo. Gemu ba ya hana ilimi.

ABUBUWAN DA KE KASHE HIMMA DA MAGANINSU

Tsoron dariya. Duk wanda ya zo da sabon abu sai an yi masa surutu. Ku saurari mai gyara, ku bar mai ba'a da halinsa.

Gaggawa. Gwajin farko ba kasafai yake yin daidai ba. Idan abu ya ƙi, ku tambayi kanku a ina ya ƙi, ku canja abu ɗaya kawai, ku sake gwadawa. Idan kun canja abu uku a lokaci guda, ba za ku san wanne ne ya yi aiki ba.

Jiran jari. Ku fara da abin da ke hannunku. Manomi ya gwada sabon iri a kunya biyu kafin ya shuka gona duka. Mai abincin sayarwa ta gwada sabon haɗi a ƙaramar tukunya tukuna.

Kaɗaici. Ku nemi abokin shawara mai gaskiya, ko ku haɗu ku uku ko huɗu kuna duba aikin juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mantuwa. A nan ne karatunku zai yi muku rana. Ku sayi ƙaramin littafi. Duk abin da kuka gwada ku rubuta kwanan wata, da abin da kuka yi, da abin da ya fito. Ranar da gwiwa ta yi sanyi, ku buɗe shafin farko ku ga nisan da kuka yi. Wanda ba ya rubutu yakan maimaita kuskure ɗaya sau da yawa bai sani ba.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke haɗuwa kafin a ƙirƙiro abu?
2. Wace matsala ce Malam Bah Abba ya gani a ƙauyuka?
3. Me ya sa ƙaramar tukunya take yin sanyi?
4. Me Ladi Kwali ta koya a cibiyar Abuja, kuma me ta riƙe daga gida?

AIKIN GIDA

Ku haɗa tukunya cikin tukunya. Ku sa tumatir biyar a ciki, ku bar biyar a kwando. Kowace safiya ku duba, ku rubuta abin da kuka gani. Bayan mako biyu ku kawo littafinku aji.

Sannan kowa ya rubuta matsala ɗaya da ke damunsa a gida, ko a gona, ko a wajen sana'a, da dabara ɗaya da zai gwada a kanta. Kada ku jira wani ya zo daga nesa ya warware muku ita. Ku kuka fi kowa sanin matsalar, kuma yanzu kun iya rubutu da lissafi. Ku fara gwajin a cikin makon nan.