A Daina Shafa Wa Aku Kananzir

Kusan duk akun da ake kawo mini da ƙirji a fige, sai in tarar an riga an shafe shi da kananzir ko baƙin mai, wani ma an fesa masa fiya-fiya, bisa hujjar wai ƙwarƙwata ce ke cinsa. In hakan bai yi ba, sai a koma cewa kambun bakin maƙwabta ne, don tsuntsun ya iya magana. Wannan zance ya ishe ni. Da wuya ƙwarai a sami ƙwaro a jikin akun da ke zaune cikin gida shi kaɗai, kuma alamar cewa shi ke figar gashinsa a fili take ga mai lura: gashin kansa lafiya lau, domin bakinsa ba ya kaiwa can, alhali ƙirji da cinyoyi da ƙarƙashin fukafukai sun zama tsirara. Wanda har kansa ya zube, ko sabon gashi ke fitowa a murɗe, ana zargin wata cuta ce mai yaɗuwa, wajibi ne a ware shi.

Shi kananzir ƙona fata yake yi, kuma da yake da baki aku ke gyara jikinsa, ala tilas ya haɗiye shi; raɗaɗin kuwa sai ya sa ya bar gashi ya koma cizon tsoka, ga shi akun nan mai ruwan toka nauyinsa bai wuce giram 400 zuwa 500 ba, jinin jikinsa duka bai fi cokali 3 na cin abinci ba. Wanda ya shafa masa, ko da niyyarsa alheri ce, ya zalunci abin da aka ba shi amana.

Dalilan da ke sa aku figar gashinsa ba ɓoyayyu ba ne. Tsuntsu ne na kurmin Kamaru da Kwango, mai yawo cikin garke inda raɓa ba ta yankewa, aka kamo shi, duk da cewa tun 2016 ƙasashen duniya suka amince da haramta fataucin na daji tsakaninsu, aka kulle shi a ƙaramin keji cikin hunturu, ba abokin hira, ba abinci sai gyaɗa tsura, wani lokaci ma mai fumfuna wadda ke lalata hanta.

Saboda haka a fara da kai shi ga likitan dabbobi. A rage gyaɗa, a ba shi gwanda da mangwaro da karas da kwakwar manja, amma ban da piya, domin guba ce gare shi. A riƙa yayyafa masa ruwa tsura da hantsi, a sa masa ɗanyen reshen gwaiba ya yi ta ɓarza, a bar shi ya yi barcin awa 10 zuwa 12 cikin duhu. In yana figa kada a daka masa tsawa, don shi a wurinsa kulawa ce, sai ya ƙara.

In kuwa an ga jini, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti a ranar, kada a kwana.