Darasi: Kin Ɗauki Kaya Bashi, Kina So Ki Mayar

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata rigima ce da ke raba zumunci a gidajenmu ba tare da an lura ba, wato rigimar kayan da aka ɗauka bashi, daga baya mai saye ta ce ta mayar, mai kaya ta ce ita ba ta karɓa ba.

A yankinmu, daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, yawancin kuɗin gida yana shigowa ne da kaka, in an yanke shinkafa an karya masara. Biki da suna kuwa ba sa jiran kaka. Shi ya sa dillaliya ke shigo miki har tsakar gida da atamfar Kantin Kwari, ko kwanukan jeren 'yarki, ta ce, "Ɗauki kawai Yaya, kya biya a hankali." Yanzu kuma ga shagunan da ke ba da waya da fitilar sola a riƙa biya mako-mako ko wata-wata.

Farko dai, irin wannan ciniki halal ne. Idan turmi na naira 15,000 ne kuɗi hannu, aka ce miki 18,000 zuwa wata uku, babu laifi, muddin kun tsaya a kan farashi ɗaya da lokaci ɗaya kafin ku rabu. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekarar 1990, ta tabbatar da haka. Mazhabar Imam Malik ma ta yarda a sa kaka ta zama wa'adi, saboda lokaci ne da mutane suka sani. Ni dai shawarata a ambaci wata, domin kakar mai gero daban, ta mai shinkafa daban.

To yanzu ga inda take. Ɗauki misali, wata ta karɓi turmi biyu, ta ba da 6,000. Bayan mako biyu sai ta ga kalar ba ta yi mata ba, ta ba yarinya ta kai gidan dillaliya. Ba a tarar da ita ba, aka ajiye wa kishiyarta. A wajen mai saye magana ta ƙare, har tana jiran a dawo mata da 6,000 ɗinta. Da kaka sai ga dillaliya ta zo karɓar cikon kuɗi, tana cewa, "Ni ajiya na ɗauka kin kawo." Wa ke da gaskiya?

'Yar uwa, ki riƙe wannan: tura kaya gidan mai shi ba ya sauke bashi. Da zarar ciniki ya ƙullu kayan sun zama naki, kuɗin kuma ya hau wuyanki, ko ba ki ba da sisi ba. Hanyoyin mayarwa da za mu duba guda uku ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Ta farko ita ce aibi. Idan kin buɗe turmi kin tarar ɓera ya ci tsakiyarsa, ko tukunya tana yoyo, ko waya ba ta riƙe caji tun ranar farko, kuma ba a gaya miki ba lokacin ciniki, kina da zaɓi: ki riƙe a haka, ko ki mayar a ba ki abin da kika biya, sauran bashin kuma ya faɗi. Wannan haƙƙinki ne, ba alfarma ba ce. Asalinsa yana cikin hadisin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika a yaudari mai saye. Manzon Allah (SAW) ya ba wanda aka yi wa haka damar ya mayar da ita, ya haɗa da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Dubi adalcin: an kare mai saye, ba a kuma bar mai sayarwa ya yi asarar nono ba.

Sai dai a nan ne mu mata muke yin sakaci. Kin ga aibin, kin yi shiru don kunya, kin ci gaba da dafa tuwo a tukunyar har wata biyu. Malamai suna ɗaukar wannan a matsayin yarda, kin zubar da haƙƙinki da hannunki. Ranar da kika ga aibi, ranar za ki aika, ki kuma nuna wa wata ta shaida. In kuwa sai da tela ya yanka atamfar sannan ɓarnar ta bayyana, Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantarwa a zaurukanmu, ta yi bayanin irin wannan: kayan da suka canza sosai a hannun mai saye, ko dai ta riƙe a rage mata ƙimar tsohon aibin, ko ta mayar ta biya abin da ya ragu a hannunta. Ragin nan masu sanin kaya ne ke ƙiyasta shi, ba wadda ta fi iya faɗa ba.

Ta biyu sharaɗi. Ki ce tun farko, "Zan nuna wa maigida, in bai yi masa ba zan dawo da shi jibi." In ta amince, kina da wannan dama har lokacin ya cika. Malaman Malikiyya sun ce tsawon lokacin yana bin irin kayan, tufa kamar kwana uku, gida kamar wata guda. Kalma ce da ba ta kai minti ɗaya ba, amma da wuya ki ji an faɗe ta.

Ta uku ita ce wadda larabawa ke kira iƙala, wato ki roƙi mai kaya ta warware cinikin don kin yi nadama. Kala ba ta yi miki ba, an ɗaga biki, ko kuɗin da kike tsammani bai zo ba. Babu aibi, babu sharaɗi, saboda haka ba dole ba ne ta karɓa. In ta karɓa tana da lada mai yawa, hadisi ya yi wa mai yin haka albishir da yafiyar Allah. Baiwar Allah ta cikin misalinmu a nan take. Roƙo ya kamata ta je ta yi da bakinta, ba aike ba. Kuma a tuna, ita ma dillaliyar sau da yawa bashi ta ɗauko a wurin ɗan kasuwa, wanda ba zai karɓi turmin da aka warware aka ninke ba.

Akwai wata dabara da ya kamata ki guje mata. Mai kaya ta ce, "Kawo in saya 12,000 in ba ki kuɗi yanzu, 18,000 ɗina kuma tana nan sai kaka." Kaya sun koma inda suka fito, abin da ya rage shi ne kin karɓi 12,000 za ki biya 18,000. Malamanmu sun hana wannan, don riba ce ta sa zane.

Yanzu bin bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Aya ta 280 kuma ta umarci a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu. Wadda take da shi ta ƙi biya, tana ɗinka sabon leshi tana cewa "gobe", hadisi ya kira wannan zalunci. Amma mai bin bashi ita ma tana da iyaka. Ba ta da ikon ƙara ko naira ɗaya saboda an yi latti. Wancan zama na Jidda ya ce wannan riba ce. Ba ta da ikon shiga ɗakin amarya ta kwashe kwanuka, domin sun fita daga mulkinta, sai in tun farko an sa wani abu jingina. Tsayawa a gidan biki a tona asiri kuwa, wallahi ya kashe aure ba ɗaya ba. Sahabi Ka'abu ɗan Malik ya taɓa ɗaga murya a masallaci yana bin Ibn Abi Hadrad bashi. Manzon Allah (SAW) ya yi masa nuni ya yafe rabi, ya umarci ɗayan ya tashi ya biya sauran.

Bashin yana kan wadda ta ci shi. Maigida ba ya cikinsa sai in ya tsaya mata lamuni. Duk da haka, kada ki ɓoye masa. Gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin mai sallama a zaure.

Masu waya da sola na kamfani sai an ƙara kula. Yawanci in aka yi lattin biya ana kulle na'urar daga nesa, kuma sau da yawa mai shago daban, kamfanin da ke bin kuɗin daban. Kina iya mayar wa mai shago waya, kamfani bai sani ba, lissafi yana ta tafiya da sunanki. Kafin ki sa hannu ko ki dangwala, a karanta miki takardar: kwana nawa ake karɓar mayarwa, wa ke gyara, akwai tarar latti ko babu. Ranar mayarwa kuma kada ki baro shagon sai da takarda mai kwanan wata da sa hannu.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. Dokar kare masu sayayya ta 2018 ta ba da damar mayar da kaya masu aibi, ita ce kuma ta kafa hukumar FCCPC. A watan Maris na 2022 hukumar ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da rance ta waya a Legas, saboda aika saƙon cin mutunci ga 'yan uwan masu cin bashi, a shekarar kuma ta wajabta musu rajista. In aka yi miki irin haka kada ki goge saƙon, shi ne hujjarki.

In magana ta ƙi ci tsakaninku, a fara da malamar Islamiyya ko wata dattijuwa da ku biyu kuke jin nauyinta. In ta gagara, a je wurin mai unguwa ko ofishin Hisba na ƙaramar hukuma, sannan kotun shari'a. Duk inda za ki, ki tafi da kayan yadda suke, da littafin da kike rubuta biya, da matar da take wurin ranar ciniki.