Baƙin Albarushi da Albarushi Marar Hayaƙi: Kama da Wane Ba Ta Wane

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu sha'awar harbi da bindigogi irin na ƙarni na goma sha tara, waɗanda ake ɗura wa harsashi ɗaya, a harba, a buɗe, a sake ɗurawa. Da yake na asalin sun tsufa kuma sun yi tsada, sai wasu kamfanoni suka shiga ƙera sababbi masu kama da su sak, kamar kamfanin Pedersoli da ke Gardone Val Trompia a Italiya, da kamfanin Shiloh da ke jihar Montana a Amurka. Tambayar da mai irin wannan bindiga yake fuskanta ita ce: wane albarushi zai sa mata, baƙi na dā ko marar hayaƙi na zamani? Amsar tana ƙunshe da darasin kimiyyar sinadarai da ta halittu, kuma kuskure a kanta kan jawo asarar yatsu ko ido, wani lokaci ma rai.

Baƙin albarushi

Sinawa ne suka gano baƙin albarushi wajen ƙarni na tara, kuma bayanin haɗinsa mafi daɗewa a rubuce yana cikin wani littafin yaƙi nasu na shekarar 1044. Abu uku ne a cikinsa: gawayi, da farar wuta, da wani farin gishiri da masana ke kira fotasiyam naitiret. Gawayi da farar wuta su ne makamashi. Gishirin kuwa shi ke ba da iskar oksijin, shi ya sa albarushi ke ci ko a rufaffen wurin da iska ba ta shiga.

To, ina gishirin nan yake fitowa? Mutanen dā sukan kankaro shi daga ƙasar turken dabbobi da bangon tsofaffin ɗakuna, ba tare da sun san abin da ke haifar da shi ba. A 1877 wasu masana biyu na Faransa, Schloesing da Müntz, suka nuna cewa aikin masu rai ne, sannan a wajen 1890 Sergei Winogradsky, mutumin Rasha, ya gano bakteriyar da ke yin aikin. Su ne ke juya amoniyar da ke fita daga fitsari da taki ta zama naitiret, wato dai abincin da tushen dawa da masara ke zuƙa a gona.

Idan baƙin albarushi ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska. Toka yake zama, wata ta fita a matsayin farin hayaƙi, wata ta manne a cikin bututun bindiga. Tokar nan tana jan laima, saboda haka in ba a wanke bututun da ruwa an busar an shafa mai ba, tsatsa za ta cinye shi.

Albarushi marar hayaƙi

Wannan kuma tushensa tsiro ne. Zaren auduga kusan gaba ɗayansa selulos ne, wato sinadarin da ke gina bangon ƙwayoyin halittar tsirrai. A 1846 Christian Schönbein, malami a Jami'ar Basel, ya sanar da cewa in aka sarrafa auduga da wasu ruwan asid sai ta zama abu mai ci da wuta nan take, ba ta barin toka. Amma ta cika saurin fashewa, har ta tarwatsa masana'antu. Sai a 1884 Paul Vieille na Faransa ya sami hanyar horar da ita, ya fito da albarushin da aka kira Poudre B, wanda ƙarfinsa ya kai wajen ninki uku na baƙin albarushi mai nauyi ɗaya da shi. Faransa ta ƙera masa bindigar Lebel a 1886. Alfred Nobel ya biyo da nasa a 1887, Ingila kuma ta fito da nata a 1889, dukansu biyu haɗe da naitirogilisarin.

Amfaninsa ya bayyana a fagen fama. A yaƙin Amurka da Sifen na 1898, yawancin sojojin sa-kai na Amurka suna riƙe da bindigar Springfield mai cin harsashi ɗaya da baƙin albarushi. Duk wanda ya harba, hayaƙi ya tona inda yake, alhali sojojin Sifen masu bindigar Mauser ba a ganin maɓoyarsu.

Inda bambancin yake

Abin da ke tura harsashi shi ne matsin iska mai zafi a bayansa. Baƙin albarushi yana ci da sauri ko a fili, kuma rufe shi ba ya ƙara masa sauri ƙwarai. Marar hayaƙi kuwa a fili a hankali yake ci. Amma a rufe, yawan matsi yana ƙara saurin ƙonewarsa, saurin ƙonewa kuma yana ƙara matsi, haka abin zai yi ta hauhawa cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Ga shi kusan dukansa iska yake zama. Saboda haka ɗan ƙari kaɗan a awo kan kai matsin inda ƙarfe ba zai iya jurewa ba.

Mu ɗauki harsashin da ake kira .45-70, wanda sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1873. Lamba 70 tana nufin awon baƙin albarushin da ke cikinsa, kimanin giram huɗu da rabi, wanda ke cika kwanson. Wannan cikawa kariya ce, domin kwanson ba zai ɗauki awo biyu ba sai ya zube. Marar hayaƙi kuwa ɗan kaɗan ake bukata, sai ya bar fili a cikin kwanso, har mutum ya zuba sau biyu bai lura ba. Don haka ake auna shi da sikeli mai kyau, ba da cokali ba.

Ƙungiyar SAAMI, mai tsara ƙa'idojin harsasai a Amurka, ta ƙayyade matsin .45-70 a kan fam 28,000 a kowane murabba'in inci. Tayar ƙaramar mota kimanin fam 30 take ɗauka. Harsashin zamani irin .30-06 kuwa yakan kai fam 60,000, wato ya ninka wancan har da ɗoriya.

To, wanne za a sa?

Bindigogin kwaikwayon nan iri biyu ne. Na farko su ne masu ɗuri ta baki, da duk wadda aka buga wa tambarin cewa ta baƙin albarushi ce kawai. Waɗannan ba a sa musu marar hayaƙi, komai ƙanƙantarsa, kuma ba a gauraya biyun. Na biyu su ne masu cin harsashi mai kwanso, irin Sharps ta 1874 da Remington Rolling Block. Da yawa daga cikin sababbin an yi su da ƙarfen zamani, an kuma gwada su da marar hayaƙi. Duk da haka fasalin makullinsu na dā ne. Kyawun ƙarfe ba ya sauya raunin fasali, musamman a samfurin Springfield na 1873, wanda murfin gindinsa ke buɗewa sama kamar ƙyaure. Ba a wuce iyakar da kamfanin ya rubuta.

Ta yaya ake sanin ƙarfin bindiga? A Ingila da Italiya da wasu ƙasashe doka ta tilasta a kai kowace bindiga gidan gwaji kafin a sayar. Gidan gwajin Birmingham tun 1813 yake wannan aiki. Akan harba bindigar da matsin da ya wuce na kullum, in ta jure a buga mata tambarin da ke nuna irin albarushin da aka gwada ta da shi. Tsohuwar bindiga ta asali kuwa, wadda ta haura shekara ɗari, sai ƙwararre ya duba ta kafin a harba ta da komai.

Darasi a gare mu

Bindigar toka da maharbanmu ke riƙewa, da wadda 'yan bindigar sarki ke bugawa ranar hawan Sallah, ta baƙin albarushi ce, kuma ɗurinta ta baki ne. Maƙeri ne ya yi ta, sau da yawa da bututun da ba a yi shi don bindiga ba, ba ta kuma taɓa zuwa gidan gwaji ba. Wanda ya fasa harsashin zamani ya juye garinsa a cikinta, to ya sani ruwa ba sa'an kwando ba ne. Gindin bututun ne zai tsage, daidai inda fuska da hannu suke. Kada kuma launi ya ruɗi mutum, domin marar hayaƙi ma yakan zo baƙi ko toka-toka, saboda abin da ake shafa wa ƙwayoyinsa.

Ko bindiga ba ta fashe ba, jiki na biyan kuɗi. Ƙarar harbi tana lalata ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi da ke can cikin kunne, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Dalmar harsashi kuma guba ce, tana cutar da ƙwaƙwalwa, musamman ta yara, don haka a wanke hannu bayan taɓa ta, a kuma yanke naman da harsashi ya ratsa a zubar. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don ɗalibai

1. Me ya sa albarushi ke ci a wurin da babu iska?
2. Wace alaƙa ce tsakanin takin gona da baƙin albarushi?
3. Bayyana dalilin da ya sa ɗan ƙarin albarushi marar hayaƙi ya fi ɗan ƙarin baƙin albarushi haɗari.
4. Me tambarin gidan gwaji yake gaya wa mai bindiga?