UNGOZOMA: DAGA TUKUICI ZUWA ALBASHI

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan kalmar ungozoma da kalmomin da Bahaushe yake kiran sakamakon aikinta da su. Na ɗauki Abuja a matsayin misali, domin a nan ne ofisoshin da ke tsara aikin suke.

Kalma ɗaya, mata biyu

A gargajiyance, ungozoma (wasu kan ce unguwarzoma) tsohuwa ce a unguwa. Ita ke yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka, ta kula da mai jego har ranar suna. Abin da ake ba ta tukuici ne: hatsi, sabulu, naman suna, 'yan kuɗi. Ba a ciniki, ba a kuma ƙayyade shi.

Da asibiti ya zo, Hausa ba ta ƙirƙiro sabuwar kalma ba, sai ta faɗaɗa ma'anar tsohuwar. Ga ma'aikaciyar jinya kuwa aro aka yi, aka ce nas, jam'i nas-nas. Mu da muka koyi Hausa da girmanmu mu lura da aikatau: ungozoma karɓar haihuwa take yi, mai ciki kuma zuwa awo take yi.

Ungozomar asibiti sai ta yi karatu, wata ma shekara 5 a jami'a, ta ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979. A Gwagwalada akwai makarantar horar da su, ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja.

Albashi da danginsa

Albashi shi ne kuɗin da ake biya duk ƙarshen wata bisa ƙa'ida. Alawus ƙari ne a kan albashi, kamar na aikin dare ko na kayan sarki. Ariyas kuɗin baya ne da aka riƙe wa ma'aikaci. Lada kuwa kalma ce mai fuska biyu: akwai ladan aiki, akwai ladan Allah. A ganina nan gizo ke saƙar. Idan aka ce wa ungozoma "aikinku na lada ne", yabo ne, amma sau da yawa ana fakewa da shi ne a ce ta yi haƙuri da abin da ya samu.

A asibitocin gwamnatin tarayya ana biyanta ne bisa tsarin CONHESS mai mataki 15. Tana samun ƙarin girma daga ƙaramar jami'ar jinya har zuwa babbar jami'a, mai digiri kuma tana iya kaiwa darakta. A takarda tsani ne mai kyau. Sai dai kuɗin haya a Wuse ko Asokoro ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, don haka da yawa suna kwana a Mararraba ko Suleja. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya zama wani bakin da ke cin albashi.

Shi ya sa ake ficewa zuwa Ingila, Amurka da Saudiyya. A watan Fabrairun 2024 magatakardan hukumar na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. A watan ne hukumar ta ce sai mutum ya yi aikin shekara 2 kafin ta tantance masa takardunsa na fita, ma'aikatan suka yi zanga-zanga a ofishinta na Abuja. Ni dai ban ga yadda ƙulle ƙofa zai biya wa mutum kuɗin haya ba. Ranar 30 ga Yuli, 2025, ƙungiyarsu ta NANNM ta shiga yajin aikin gargaɗi, kuma cikin buƙatunta har da ƙarin alawus, tsarin albashi nasu na kansu da ɗaukar sababbin ma'aikata. An janye shi ranar 2 ga Agusta.

Aikin gida

Ɗalibi ya gina jimla ɗaya-ɗaya da tukuici, albashi, alawus da lada, sannan ya gwada musanya su ya ga inda ma'ana ta karye. Ya kuma tambayi wata dattijuwa a gidansu abin da aka ba ungozomar da ta yanke masa cibi, da sunan wannan kyauta a harshensu.