Robar Ƙwallon Tebur: A Wanke Ta Ko A Canza?

Sau da yawa ɗan wasan ƙwallon tebur yakan ga ƙwallonsa tana ta faɗawa raga, sai ya ɗora wa hannunsa laifi, alhali kuwa laifin na robar da ke jikin bat ɗinsa ne, wato katakon bugu. Darasinmu na yau shi ne yadda za a bambance robar da ta yi datti da wadda ta mutu. Datti yana wankuwa, tsufa kuwa ba ya wankuwa.

Da farko mu san yadda robar take. Hawa biyu gare ta. Na sama shi ne fatar da ke kama ƙwallo ta sa ta juyawa, na ƙasa kuma soso ne mai tunkuɗa ta da ƙarfi. Wani ɗan Japan, Hiroji Satoh, shi ya fito da darajar soso lokacin da ya ci gasar duniya da shi a Bombay a 1952. Dokar hukumar wasan ta duniya, ITTF, ta hana kaurin roba da sosonta ya wuce kimanin milimita 4. Gefe ɗaya dole ya zama baƙi. Ɗayan a da ja ne kawai, amma daga 2021 aka yarda da wasu launuka kamar shuɗi da kore.

Abubuwa biyu ke kashe kamun roba. Na ɗaya ƙura da maiƙon hannu, musamman da hunturu. Waɗannan a sama suke kwanciya. Na biyu iska da rana da yawan bugu, waɗanda ke busar da robar kanta, su kuma kwantar da soson.

Ga yadda za ka gwada taka:

1. Ɗiga ruwa mai tsabta kaɗan, ka goge da soso mai laushi, ka bari ta bushe a inuwa.
2. Riƙe ƙwallo da yatsu, ka ja ta a hankali a kan robar, daga baki zuwa tsakiya. Idan ta turje ko'ina, datti ne dama, robarka tana da rai. Idan ta turje a baki amma ta zame a tsakiya, tsakiyar ta cinye.
3. Ɗaga bat ɗin wajen haske. Tabo mai sheƙi ko kodewa da wanki bai fitar ba alamar tsufa ce.
4. Saki ƙwallo daga tsayi ɗaya a wurare daban-daban. Inda ba ta tashi sosai ba, soson wurin ya mutu.
5. Duba ko akwai kumburi ko tsagewa. Kumburi yana nufin fatar ta rabu da soso, kuma wannan ba shi da gyara.

Wasu sukan shafa wa roba mai don su farfaɗo da ita. Ka guje wa wannan. Mai yana kumbura ta, amfaninsa na 'yan kwanaki ne, kuma doka ta hana yi wa roba kowane irin haɗi. Ko gam mai ƙarfin wari da aka daɗe ana ƙara wa bugu sauri da shi, an haramta shi tun 2008.

Me zai hana a yi ta lallaɓawa da tsohuwar? Matacciyar roba tana ɓata hannun mai koyo. Da yake ba ta kama ƙwallo, sai ya saba da buɗe fuskar bat yana dukan ƙarfi, ranar da ya riƙi sabuwa kuwa duk bugunsa waje zai yi. Gyaran hannun da ya saba da kuskure ya fi sayen roba wuya.

In canji ya zama dole, kada ka yar da katakon, domin yakan yi shekaru. Ɓare tsohuwar a hankali daga gefe, shafa gam na ruwa siriri a katako da soso, bari ya sha iska, manna daga wajen mariƙi, murza da kwalba, sannan ka yanke abin da ya yi saura.

Daga nan sai kulawa, don rigakafi ya fi magani. Goge robarka bayan kowane wasa, rufe ta da leda mai tsabta, kuma kada ka bar ta a bakin taga rana tana dukanta.